Mitar da Muke Roƙo, Ita Suke Neman a Cire Musu

Duk mutumin Kano ko Kaduna da ya ji cewa a Birtaniya akwai gidajen da ke neman a cire musu mitar kati a mayar da su kan bil na wata-wata, zai ɗauka bai ji daidai ba. A wajenmu wannan mitar ce ake cika fom dominta, a biya kuɗi, a yi ta zarya ofis watanni kafin a samu, saboda ita kaɗai ke raba magidanci da bil ɗin ƙiyasi, wanda ake rubuto masa ko ya sha wuta ko bai sha ba. Alƙaluman hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya na shekarar 2024 sun nuna cewa cikin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta kimanin miliyan 13, waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. A Ingila da Scotland da Wales kuwa, inda kimanin gidaje miliyan huɗu ke amfani da ita, mitar kati ta daɗe tana zama alamar talauci da bashi, kuma shawarar da aka yi shekaru ana bai wa masu ita ita ce su rabu da ita domin kuɗin da suke kashewa ya ragu. Na yi hunturu biyu a wani gidan haya a arewacin Ingila wanda ke da irin wannan mitar, kuma ra'ayina shi ne wannan shawara tana nan daidai ga gidaje da yawa, sai dai dalilin da ake kafawa da shi, wato arhar farashi, ya riga ya tsufa, kuma dalilin da ya fi shi nauyi ba a cika faɗarsa ba.

Yadda abin yake a can ya ɗan bambanta da namu. Yawancin gidaje suna da mita biyu, ɗaya ta lantarki ɗaya ta iskar gas, kuma gas ɗin ne ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, saboda haka a watannin sanyi shi ne ke riƙe da lafiyar mutanen gida. Mai tsohuwar mitar kati yana da wani ɗan makulli na roba ko kati da yake kaiwa kantin unguwa ko gidan waya, ya biya fam goma ko ashirin, a loda masa, ya dawo ya zura a mita. Idan kuɗin ya ƙare akwai ɗan rancen gaggawa na 'yan fam kaɗan da mitar ke bayarwa, wanda za ta cire daga lodin gaba, idan shi ma ya ƙare sai gidan ya yi duhu ya yi sanyi. Tsarin tsoho ne, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sa wa gidajen leburori mitar gas da ake jefa wa kwabo, daga baya sule, kuma har yau waɗanda suka fi samun kansu da ita su ne 'yan haya, da masu ƙaramin albashi, da masu karɓar tallafin gwamnati, da waɗanda bashin kamfani ya taru a kansu.

Shekaru da dama waɗannan mutane ne suka fi kowa biyan tsada. Binciken da hukumar CMA mai sa ido kan gasar kasuwanci ta kammala a 2016 ya tabbatar da cewa masu mitar kati ba su da zaɓin farashi irin na sauran jama'a, kuma mafi arhar abin da ake ba su ya fi na masu biya ta banki tsada, abin da ya sa aka ƙayyade musu iyakar farashi daga watan Afrilun 2017. Hujjar kamfanoni ita ce kula da wannan mitar yana cin kuɗi, ga ladan masu kantuna, ga makullai da katuna, ga ma'aikatan da ake turawa idan ta lalace. Ban taɓa gamsuwa da wannan hujja ba. A kowace kasuwa da na sani, daga Kantin Kwari har Dawanau, wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ake yi wa rangwame, wanda zai ɗauki kaya bashi shi ake ɗora wa ƙari, domin ɗan kasuwa ya san haɗarin da ke cikin jira. Mai mitar kati yana biyan kamfani tun kafin ya kunna fitila, ba zai taɓa gudu da kuɗin kowa ba, amma shi aka ɗora wa ƙarin, wanda ke da asusun banki mai kauri kuma aka sauƙaƙa masa. Wannan rashin adalci ne ya haifi shawarar nan ta a bar mitar kati, kuma a lokacin shawarar gaskiya ce.

Daga ƙarshen 2021 farashin gas ya fara tashi a kasuwannin Turai, ƙananan kamfanonin makamashi kusan talatin suka durƙushe a Birtaniya, sannan Rasha ta mamaye Ukraine a Fabrairun 2022 al'amari ya ƙara dagulewa. A watan Oktoban wannan shekara sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin da matsakaicin gida zai biya a kan fam 2,500 a shekara, ta kuma bai wa kowane gida tallafin fam 400. Ko a wannan tallafi sai da bambanci ya fito, domin masu biya ta banki an rage musu kai tsaye ba tare da sun yi komai ba, masu tsohuwar mitar kati kuwa takardun shaida aka riƙa aiko musu ta wasiƙa ko ta waya su kai kanti, kuma da yawa daga cikin takardun ba su isa hannun masu su ba ko wa'adinsu ya wuce. A Janairun 2023 ƙungiyar Citizens Advice, mai bai wa jama'a shawara kyauta, ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 3.2 ne mitarsu ta ƙare a cikin 2022 saboda ba su da abin lodawa.

Wata guda bayan haka jaridar The Times ta buga binciken da wakilinta ya yi bayan ya shiga aiki a ɓoye cikin masu karɓo bashi da ke yi wa kamfanin British Gas aiki, inda ya nuna yadda ake zuwa da mai fasa makulli a buɗe gidajen mutane, har da masu naƙasa da iyayen ƙananan yara, a cire musu mitar bil a sa musu ta kati da ƙarfin takardar izinin kotu. Daga baya gwamnati ta bayyana cewa fiye da mita 94,000 aka sa ta wannan hanya a 2022 kaɗai, kuma ta fito fili cewa kotunan majistare suna amincewa da irin waɗannan takardu tuli guda a zama ɗaya, ba tare da an duba halin kowane gida ba. Hukumar Ofgem mai kula da harkar wuta da gas ta dakatar da aikin, sannan ta kafa ƙa'idojin da suka zama dole daga Nuwamban 2023: ba za a tilasta mitar a gidan tsohon da ya haura shekara 75 ba idan babu mai kula da shi a gidan, ko gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu, ko wanda lafiyarsa ta dogara da na'urar da ba ta son ɗaukewar wuta, kuma sai kamfani ya yi ƙoƙarin tuntuɓar mai gida sau goma ya kuma je ya ga halin da yake ciki. A farkon 2024 aka ba wasu kamfanoni damar ci gaba da tilastawa bisa waɗannan sharuɗɗa.

Wannan abin kunya ne ya tilasta gyaran farashi. A kasafin kuɗin Maris na 2023 ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da cewa daga watan Yuli za a kawar da ƙarin da masu mitar kati ke biya, wanda aka ƙiyasta a kan kimanin fam 45 a shekara, kuma daga Afrilun 2024 Ofgem ta mayar da daidaiton cikin tsarinta na dindindin. Alƙaluman wannan wata sun cancanci a dube su da kyau. Iyakar farashin matsakaicin gida da ke biya ta hanyar cirar kuɗi kai tsaye daga banki kowane wata ta tsaya a fam 1,690 a shekara, ta mai mitar kati fam 1,643, ta wanda ke jiran bil ya iso sannan ya biya kuwa fam 1,796. Ma'ana, mai mitar kati ya koma mafi arha a cikin ukun, kuma wanda ya bi tsohuwar shawara ya cire mitarsa ba tare da ya shiga tsarin cirar banki ba, ya gudu daga gara ne ya faɗa gidan zago, zai biya ƙarin fiye da fam 150 a shekara bisa wannan farashi. Har yanzu ina jin mutanenmu a can suna gaya wa sababbin zuwa cewa mitar kati tsada gare ta, su yi maza su canza. Duk mai ba da wannan shawara a yau ya kamata ya haɗa ta da tambayar yadda mutumin zai riƙa biya bayan canjin, in ba haka ba zai cuce shi da kyakkyawar niyya.

Akwai sauran riba ta kuɗi da ba ta gushe ba. Iyakar farashi ita ce mafi tsadar abin da doka ta yarda a caji mutum, kamfanoni kuwa suna fitar da yarjejeniyoyi na shekara guda ko biyu masu tsayayyen farashi da kan sauko ƙasa da iyakar, kuma mafi yawansu an tanade su ne ga masu biya ta banki. Sannan akwai batun rarraba nauyi. Gida a Ingila yana ƙona mafi yawan gas ɗinsa ne tsakanin Nuwamba da Maris, mai biya ta banki kuwa ana raba masa kuɗin shekara gida goma sha biyu daidai, rarar bazara ta rufe giɓin hunturu. Mai mitar kati ba shi da wannan sauƙi. A watan Janairu, lokacin da aljihu ya fi bushewa, a lokacin ne mitarsa ta fi ci, alhali albashinsa ko tallafinsa bai ƙaru da kwabo ba.

Sai kuma kuɗin ƙa'ida na kullum, wanda a ganina shi ne mafi zalunci a cikin tsarin. Kusan kowace mita a Birtaniya ana cajinta wani adadi kowace rana ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. A 2024 adadin ya kai kimanin kwabo 60 na Ingila ga lantarki da kimanin 31 ga gas, fiye da fam 300 ke nan a shekara kafin a tafasa ruwan shayi ko sau ɗaya. Mai bil ba ya jin wannan caji sosai domin yana narkewa cikin lissafinsa, amma a mitar kati taruwa yake yi ya zama bashi. Matar da ta daina loda mitar gas daga Mayu zuwa Satumba domin ta yi tattali, idan sanyi ya shigo ta kai fam ashirin kanti, za ta tarar mitar tana binta fiye da fam 45, kuma wani kaso na abin da ta loda zai tafi biyan kwanakin da ba ta kunna komai ba. Idan kuma an sa mata mitar ne saboda tsohon bashi, shi ma ana yankarsa mako-mako daga abin da take lodawa. Na sha tsayawa a layi a kantin unguwarmu bayan wata dattijuwa da ke loda fam biyar-biyar, kuma na san cewa ba duka biyar ɗin ne za su zama ɗumi a ɗakinta ba.

Duk da haka, babban dalilin da ya sa nake goyon bayan barin mitar kati bai shafi lissafin fam da kwabo ba. Ya shafi tambayar wane ne ke yanke wa gida wuta, kuma wa ke ganin an yanke. A Birtaniya yanke wa mai bil wuta saboda bashi abu ne mai wuyar gaske, sai kamfani ya bi matakai masu tsawo, ya yi tayin biya kaɗan-kaɗan, kuma ƙa'ida ta hana a yanke wa 'yan fansho da ke zaune su kaɗai daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Shi ya sa irin wannan yankewa ta kusan ɓacewa daga alƙaluman hukuma, kuma kamfanoni suna alfahari da hakan. Mitar kati ta zagaye duk waɗannan kariya. Babu ma'aikacin da zai zo da tsani, babu wasiƙar gargaɗi, babu alƙalin da zai tambaya ko akwai jariri a gidan. Kuɗi ya ƙare, na'ura ta rufe kanta, kuma a harshen hukuma ana kiran wannan da cewa mutum ya yanke wa kansa wuta, kamar dai shi ya zaɓi ya kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Kamfani ya samu abin da doka ta hana shi yi da hannunsa, kuma kunya ta sa wanda abin ya shafa ba ya faɗa wa ko maƙwabcinsa. Illar ba ƙarama ba ce, domin ɗaki mai sanyi da danshi yana tayar da asma da ciwon huhu ga yara, yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ga tsofaffi, kuma maganin ciwon sukari da ke cikin firji ba ya jiran ranar albashi.

Birtaniya ta riga ta yanke hukunci a kan irin wannan lamari a wani fanni. A shekarun 1990 wasu kamfanonin ruwa sun fara sa wa gidajen matalauta na'urorin biya kafin amfani da ke tsayar da ruwa idan kuɗi ya ƙare, kotu ta ce hakan ya saɓa wa doka a 1998, sannan dokar ruwa ta 1999 ta haramta yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi a Ingila da Wales, ta kuma haramta irin waɗannan na'urori. Majalisa ta ga cewa ruwa ya fi ƙarfin a yi amfani da shi wajen matsa wa mai bashi. Ban ga abin da ya raba ruwan sha da ɗumin ɗaki ba a ƙasar da dusar ƙanƙara ke sauka. Kamfanonin ruwa ba su rushe ba saboda wannan doka, suna bin bashinsu ta kotu da yarjejeniyar biya kamar kowane mai bin bashi.

Dole in yi adalci ga waɗanda ke son mitarsu, domin suna da yawa kuma ba jahilci ne ya sa su sonta ba. Uwar da ke tafiyar da gida da kuɗin mako-mako ta san abin da ta loda, tana ganin lambar tana raguwa, tana iya cewa yau a rage, kuma babu ranar da wasiƙa za ta faɗo mata da bashin fam ɗari takwas da ba ta san lokacin da ya taru ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya taɓa ganin masu karɓo bashi a ƙofar gidansa yana da hujjar gudun duk abin da zai sake kai shi can. Cirar banki ma tana da nata aibin, domin adadin da ake cira ƙiyasi ne na kamfani, ana iya ɗaga shi ba zato, kuma idan ranar cira ta zo asusu babu kuɗi sai matsala ta haifi wata. Tsoron ba na banza ba ne, tunda bashin da gidaje ke ɗauke da shi na kamfanonin makamashi ya haura fam biliyan uku a farkon 2024. A Ireland ta Arewa kuma an nuna cewa mitar biya kafin amfani tana iya zama ba abin kunya ba, domin a can gidaje masu yawa, har da masu hali, suna amfani da mitar da ake danna wa lambobi irin tamu, kuma an daɗe ana yi musu rangwame a kan hakan. Saboda haka ba na cewa a kawar da mitar kati daga doron ƙasa. Wanda ya zaɓe ta da idonsa buɗe, kuma babu mai rauni a gidansa, a bar shi da abinsa. Abin da nake ƙi shi ne a tura mutum cikinta da ƙarfi, sannan a toshe masa hanyar fita.

Hanyar fitar kuwa a toshe take ga waɗanda suka fi buƙatarta. Kamfani ba ya mayar da mutum kan bil sai ya biya bashin da ke kansa, yawanci kuma sai an binciki tarihin biyan bashinsa a hukumomin da ke ajiye irin wannan bayani, idan sakamakon bai gamsar ba sai a ƙi, ko a nemi ya ajiye kuɗin jingina. Wanda ya kasa loda fam goma a daren Lahadi shi ake cewa ya kawo jingina. Ɗan haya yana da damar canza mita idan shi ke biyan kamfani kai tsaye, amma mai gida na iya neman a mayar da ita yadda take idan zai tashi, kuma wanda ke tsoron a ƙi sabunta masa haya ba zai so jayayya da mai gida a kan mita ba. A da ana iya cewa canjin yana cin kuɗi domin sai an turo ma'aikaci ya cire wata ya sa wata. Da sababbin mitoci masu aika bayani da kansu wannan uzuri ya ƙare, domin daga ofis ake juya su daga kati zuwa bil ko daga bil zuwa kati. Abin takaici shi ne a lokacin tsadar 2022 an fi amfani da wannan sauƙi ta fuska ɗaya, aka riƙa juya mutane zuwa tsarin kati ba tare da an taka ƙofar gidansu ba.

A ganina duk gidan da ya cika sharuɗɗan da suka hana a tilasta masa mitar kati, ya kamata waɗannan sharuɗɗa su ba shi damar fita daga cikinta nan take, kyauta, ba bincike ba jingina, ko da bashi a kansa, a tsara masa biyan bashin daidai ƙarfinsa. Babu ma'ana a ce haramun ne a sa wa gida mai jariri wannan mita a yau, amma gidan da aka haifi jaririn bayan an sa ta sai ya bi layin roƙo. Kuɗin ƙa'ida na kullum kuma bai kamata ya ci gaba da taruwa a ranakun da mita take a rufe saboda rashin kuɗi ba.

Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu da ke zuwa Birtaniya karatu ko aikin jinya da kula da tsofaffi fiye da yadda suke zato. Sabon zuwa ba shi da tarihin bashi a ƙasar, mai kyau ko maras kyau, saboda haka binciken kamfani kan iya kayar da shi ba don ya taɓa cin kuɗin kowa ba, kuma gidajen hayar da ƙarfinsa ke kaiwa su ne suka fi zuwa da mitar kati. Kuskuren da na yi gargaɗi a kansa fiye da sau ɗaya shi ne ɗaukar makullin da tsohon ɗan haya ya bari a ci gaba da lodawa, domin idan akwai bashi a kan wancan asusu, sabon shiga ne zai riƙa biya bai sani ba. Ranar da mutum ya tare ya kamata ya kira kamfani ya buɗe asusu da sunansa, ya ɗauki hoton abin da mitar ke nunawa, ya nemi sabon makulli. Idan yana da albashi tsayayye da asusun banki, musamman idan akwai yara ƙanana, shawarata gare shi ya nemi komawa bil tare da cirar banki, ya kuma riƙa aika karatun mitarsa kowane wata domin kada ƙiyasi ya shiga tsakaninsa da kamfani. Wanda ya taso a Zariya ko Maraɗi bai san yadda sanyin Janairu na can ke shiga ƙashi ba sai ya kwana a cikinsa, kuma bai kamata ya fara sani da jariri a hannu ba.

Idan na juyo gida, ba zan ce wa kowa ya ƙi mitar kati ba, domin ciwonmu daban ne. Mai bil a Birtaniya yana da mita da ke auna abin da ya sha, abin da ya rage kawai shi ne yaushe zai biya. Mai bil a yankin KEDCO ko Kaduna Electric ko Yola sau da yawa ba shi da mita ko kaɗan, kuma duk da umarnin da NERC ta bayar a Fabrairun 2020 na ƙayyade abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, ƙorafi bai tsaya ba. A irin wannan hali mitar kati kariya ce, kuma muna da sa'a ɗaya da mutanen Birtaniya ba su da ita, wato an soke kuɗin ƙa'ida na wata-wata a ƙasarmu tun Fabrairun 2016, saboda haka mitarmu ba ta ci idan ba a kunna komai ba. Ya kamata mu riƙe wannan da kyau, domin duk lokacin da aka zauna sake tsara farashi akwai yiwuwar wani ya kawo shawarar dawo da shi.

Amma abu biyu daga labarin can sun riga sun iso mu. Na farko shi ne cirar tsohon bashi daga kuɗin kati. Magidanci ya samu mita bayan dogon jira, ya sayi wutar naira dubu biyar, sai ya ga yunit ɗin da aka ba shi bai kai na kuɗinsa ba, saboda ana cire bashin da ya taru a zamanin ƙiyasi, bashin da tun farko yake jayayya a kansa. Mitar ta zama mai karɓo bashin da ba a iya yi wa gardama, kuma bai kamata a ɗora mata ko sisi ba sai an zauna an tantance adadin da mai gida. Na biyu shi ne shirun da ke biyo baya. Tun da aka ɗaga farashin rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi, akwai gidajen da layinsu ke da wuta amma fankarsu a tsaye take a tsakiyar zafin bazara, lokacin da sanƙarau da ƙarancin ruwa a jiki ke kwantar da yara da tsofaffi. Waɗannan gidaje ba sa zuwa ofis ƙorafi, domin babu wanda za su kai ƙara, kuma ba sa fitowa a kowane rahoto. Kamfanonin rarraba wuta suna da bayanin ranar da kowace mita ta sayi kati na ƙarshe da adadin da ta saya. Ya kamata NERC da hukumomin jihohin da dokar lantarki ta 2023 ta ba ikon kula da harkar su tilasta a riƙa fitar da adadin mitocin da suka yi makonni ba a loda su ba a unguwannin da ake samun wuta, a buga shi a gefen adadin sababbin mitocin da ake sanarwa kowane wata uku.